Jan Zare a Wuyan Karibu

Kai mai jar hula, ajiye basillar nan. Ajiye na ce! Ka ɗauka kana jujjuyawa kamar tsinken sakace, kana faɗin wai dukanci ai yanka ne da manna. Tun da kuka zauna abin da kuke ta maimaitawa ke nan, ku da ke buga tambari a inji, in ya lalace ku yar ku sake wani. To mu fata muke soka. Ramin da basilla ta yi a fata ba ya rufewa, ko ka shafa masa mai, ko ka zauna ka yi masa kuka. Ku matso nan. Ni ba na iya zama wuri ɗaya, in kun ga na tashi ina zagaye kada ku ce na gama magana.

Kuben wuƙar wani mahauci shi ne aikin farko da aka yarda na taɓa. Shekarar da ta biyo bayan samun 'yanci ubana ya kai ni rumfar Baba Nomau, sarkin dukawan Madarumfa, a bakin kasuwa ta wajen hanyar tabki. Damina biyu ban yi komai ba sai jiƙa fata, da goge ta da dutse, da dakan karan dafi na jan rini, da dama kuloko na baƙi, har hannuwana suka zama ba mai son ganinsu cikin akushi. Da aka ba ni kuben na ɗinke shi tsaf, na kai wa Baba ina washe baki. Ko kallo bai yi ba. Rufe ido ya yi, ya bi ɗinkin da yatsa, ya tsaya wuri guda ya ce, "Ilu, nan ka soka sau biyu." Wallahi sau biyun na soka, ramin farko ya kauce da kamar ƙwayar gero. Ya jefa kuben cikin tarkace ya miƙo mani wata fatar. Tun lokacin da idanunsa ke gani, da yatsa yake duba aiki.

Kayan aikin ba yawa gare su ba, ga su nan gabanku. Basilla uku, babba da matsakaiciya da 'yar siririya ta ado. Dutsen guga, katakon yanka, tandun mai. Sai wannan wuƙa mai baki kamar rabin wata, wadda ba a jan ta, gangara ta ake yi a kan fata. Ku riƙe ta a zuciya, za ta dawo cikin labarin.

Tambarin ƙasa shi ya ɗaukaka rumfarmu a shekarun nan. Kowane biro, wato ofishin gwamnati, yana son nasa a bango, rana a tsakiya, mashi da takubba, zangarniyar gero, kan sa a ƙasa. Kowane abu sai an yanko shi daga fata mai launinsa, a manna shi a kan babbar fatar da muke ce wa shimfiɗa, sannan a bi gefensa da ɗinki. A nan na gane tambari ba ado ba ne. Mutane ne ke faɗin ko su wane ne ba tare da sun buɗe baki ba, in ka ƙara abu ko ka rage ka sa masu magana a baki. Direbobin kamyon, manyan motocin kaya na garin Ɗan Issa, ma suka shigo, kowa yana son zaki ko jimina a matashin kujerarsa.

Doka ɗaya ce a rumfar, ita kuwa ba ta lanƙwasuwa. Ba a ɗinka abu mai rai cikakke. Kan sa na tambarin ƙasa ba laifi, kai ne kawai. Amma zaki ko doki ko tsuntsu, tun kafin a ɗora shi a shimfiɗa sai an ratsa wuyansa da jan zaren fata, alamar yankakke ne, ba rai a jikinsa. Malamin Baba ne ya gaya masa ran gobe za a ce wa mai sura ya hura wa abin da ya yi rai. Ranar da Baba ya ba ni wuƙa ya sa na dafa ta na yi alkawari. Ya ce ranar da na saɓa in naɗe buzuna in bar masa rumfa, kada kuma in ce a ko'ina shi ya koya mani. Wani direba ya taɓa dawo da matashinsa yana kumfar baki, wai mun sa wa zakinsa murjani kamar amarya. Baba ya ce masa zakin da ke wuni ƙarƙashin mazaunin direba ai murjani bai rage shi da komai ba.

Sai shekarar babban fari ta zo. Ku kuna tsammani baduku zai ji daɗi tunda dabbobi na mutuwa, fata ta yi yawa. Kayya! Fatar dabbar da yunwa ta kashe kamar takarda take, ka ja zare ta tsage. An tara ta a kasuwa ba mai ɗauka. Tabki ya ja baya har kana tafiya a inda dā masunta ke jefa taru. Dukawa suka watse, wasu Jibiya, wasu Katsina, suna dako da gyaran takalma. Ni ma ƙafata ta yi ta ƙaiƙayi. Sau uku ina ɗaure jakata in je tasha, in tsaya ina kallon mota tana lodi, in dawo. In na dawo kuma in kasa zama, in share rumfar da na riga na share, in wasa wuƙar da na wasa jiya.

Abin da ke dawo da ni Baba ne. Idanunsa sun tafi a lokacin, yana zaune a kusurwa a kan buzu daga safe har la'asar. Shanunsa ya ba wani Bafulatani, Jaɓɓo, ya gangara da su kudu neman ciyawa, shiru ba labari. Duk motar da ta tsaya daga Ɗan Issa sai ya ɗaga kai ya ce, "Ilu, je ka tambaya ko sun ga Jaɓɓo." In je in dawo in ce ba su gani ba. Ya ce to. Fata mai kyau guda ɗaya ta rage mana, ta jar akuyar Maraɗi, wadda aka jeme tun kafin fari, tana naɗe cikin tabarma a saman rumfa.

Ana cikin haka Ɗan Sanyi ya shigo. Sunan da mutanen Gabi suka sa masa ke nan. Yana aiki da foroje, wato shirin taimako mai gina rijiyoyi a garuruwan Gabi da Sarkin Yamma, shekara biyu yana cikin maginan rijiya har Hausa ta kama bakinsa. An ce daga Kanada ya zo, amma ba irin nasaran da muka saba gani ba ne. Gajere ne, mai faɗin fuska, baƙin gashi santsi, wasu na ce masa ɗan Sin yana dariya. Ya yi sallama, ya durƙusa ya gai da Baba, sai ya ɗauki guntun fata ya kai hanci.

Ya ce, "Malam Ilu, da me kuke jima?"

Na ce da bagaruwa. Ya ce uwarsa da ƙwaƙwalwar dabba take yi, ta turara da hayaƙi. Ban taɓa jin baƙo ya yi tambayar jima ba. Can idonsa ya faɗa kan wuƙar nan mai rabin wata, ya ɗauka, ya riƙe ta daidai yadda ake riƙewa. Ya ce kakarsa ta wajen uba tana da irinta sak, da ita take fiɗa, da ita take yanka fata, da ita take raba wa jikoki nama.

Ya zaro takarda ya shimfiɗa a kan katakon yanka. Garinsu, in ji shi, yana can ƙarshen duniya ta arewa inda teku ke daskarewa a yi tafiya a kai, rana kuma a wani lokaci na shekara ba ta faɗuwa sam. Na dubi Baba, Baba ya ce Allah mai iko. Ƙabila biyu ke zaune a garin. Dangin ubansa sunansu Inuwit, mutanen bakin teku. Dangin uwarsa Gwicin, mutanen kogi da daji. Kakanninsu sun sha zub da jinin juna, yanzu sun gina zauren taro ɗaya, dattawa sun zauna sun yarda da tambarin da za a rataya a ciki. Uwarsa aka ba ɗinkin don ita ce gwana, ga shi ta yi aure a ɗaya ɓangaren, sai hannunta ya soma rawa. Ta aiko masa da zanen cikin wasiƙa. Shi kuma ya ga jar fatar ƙasarmu ya ce a kanta za a yi.

Zanen garkuwa ce, kogi ya raba ta biyu yana rassa kafin ya shiga teku, rana a sama ta kowa da kowa. Gefen uba, wuƙar nan mai rabin wata da wani siririn jirgin fata na mutum ɗaya. Gefen uwa, furanni irin waɗanda matansu ke jerawa da duwatsun ado, da wata dabba mai kama da gwanki, ƙahonta kamar busasshen reshe. Ya ce sunanta karibu, ita ce abincinsu, ita ce tufarsu, suna zuwa garke-garke su ratsa kogi kowace shekara. Ƙahon ma wai zubar da shi take yi duk shekara ta tsiro sabo. Na ce wannan kam sai na gani. Ya roƙe ni abu ɗaya, kada gefe ya fi gefe ko da faɗin zare. Kwana takwas suka rage motar foroje ta kai shi Yamai ya hau jirgi.

Baba ya ce a sauko da jar fatar. Ga kuskurena, ku ji shi da kyau. Ban gaya wa mutumin nan dokar rumfa ba. Ba ɓoyewa na yi ba, ko a raina bai zo ba. Duk Madarumfa har yaron goye ya san dabbar Baba Nomau da jan zare take fita, sai na ɗauka duniya ma ta sani.

Kwana biyar na yi a kansa, ban taɓa aiki da zafi irin wannan ba. Na auna gefe da gefe da zare, na ninka, na sake aunawa. Kogin na yanko daga fatar da aka rina da shuni, rassansa bakwai, kowane sai da na fiƙe bakinsa ya kwanta. Furannin ƙanana ne kamar farce, da 'yar siririyar basilla na bi su har idona na ruwa. Ƙahon karibu kaɗai ya ci mani wuni guda, sau biyu reshe yana gutsurewa ina sake yankowa. Da dabbar ta fito na ratsa wuyanta da jan zare kamar yadda na yi wa zaki ɗari, na manna, na bi gefenta da ɗinki. Ta yi kyau, wallahi ta yi kyau, kamar ta ɗaga ƙafa.

Rana ta shida da hantsi Ɗan Sanyi ya zo. Na buɗe masa ina jiran yabo. Ya bi kogi da ido, ya bi jirgi, ya yi murmushi a kan wuƙa. Da ya kai kan dabbar sai fuskarsa ta sauya. Ya sa yatsa a wuyan.

"Malam Ilu, wa ya yanka ta?"

Na yi masa bayani. Ya saurara har ƙarshe, bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya zauna a ƙasa ya ce lokacin da uwarsa ke yarinya akwai shekarar da garken bai zo ba. Suka jira a bakin kogi har sanyi ya rufe su. Suka dafa igiyar fata suka ci, suka dafa takalma. Ƙannenta biyu ba su kai ƙarshen sanyin ba. Ya nuna hanyar kasuwa da hannu ya ce, "Kamar nan, bana." Dattawa sun sa dabbar a tambari don ta ce wa jikoki tana nan, tana zuwa. Ya ce, "In na rataya masu ita a yanke, me na gaya masu? Me na gaya wa uwata?"

Kunya ta kama ni. Na ce a raina ai sai in sake yanko wata dabbar marar zare in ɗora a gurbin. Ban ma buɗe baki ba Baba ya yi gyaran murya daga kusurwa.

"Ilu, ka dai tuna abin da ka dafa."

Ɗan Sanyi ya matsa ya durƙusa gabansa. "Baba, sau ɗaya. Can za a kai, ba wanda zai gani a nan."

"Baƙo, Wanda nake tsoro yana gani har garinku. Ka yi haƙuri."

Shi ke nan. In na ba baƙo dabbarsa da rai, na rasa rumfa da albarkar shekara goma sha uku. In na tsaya kan alkawari, ya tafi hannu wofi, jar fatar da ba ta biyu ta tashi a banza. Ga kwana biyu kacal.

Na fita ban san inda na nufa ba. Na zaga kasuwa, na je tasha na tsaya jikin wata mota mai zuwa Jibiya har kwandasta ya tambaye ni ko ina ciki. Na wuce, na gangara tabki, na yi ta tafiya a kan busasshen laka rana na dukana. Sai na yi tuntuɓe. Na duba, ashe sawun shanu ne, tun lokacin da laka ke da danshi suka taka, rana ta gasa shi ya yi tauri kamar tukunya. Sawu birjik, ba saniya ko ɗaya, amma duk wanda ya gani ya san garke ya bi ta nan da ƙafarsa. Sawu ba shi da wuyan da za a yanka. Na juya da gudu, takalmina ɗaya a can na bar shi.

Na sami Ɗan Sanyi a gidan foroje yana ɗaure akwati. Na ce, "Ƙahon nan da ka ce tana zubarwa, gaskiya ne ko ba'a kake mani?" Ya ce gaskiya ne, yara ma tsintarsa suke yi. Na ce mu nan in ka ga ƙaho ba kai, an ci naman. Ya ce su kuwa in sun ga ƙaho a ƙasa sun san mai shi na gaba yana kiwo. Na ce to zan cire dabbar, in sa ƙaho ɗaya a kwance da jerin sawu. Ya daɗe yana tunani, sannan ya zana mani sawun a ƙasa da yatsa, faffaɗa, mai baki biyu kamar wake. Ya ce ba abin da dattawa suka zana ba ne, amma ya fi yanka. Na tambaye shi ina sawun zai fuskanta. Ya ce ciki, wajen kogi.

Warwarar ɗinki ta fi ɗinki wuya, wannan ku rubuta. Washegari tun da na idar da asuba gari ya waye nake tsinke zare ɗaya bayan ɗaya da bakin basilla, ina jiƙa mannin yana saki. Wajen azahar dabbar ta ɗago. Na ɗinka ƙahon a ƙasa, na jera sawu tara daga gefe zuwa kogi. Da na ɗaga fatar in kakkaɓe, rana ta bi ta bayanta. Ramukan ɗinkin da na ware suna nan reras, haske na fitowa ta kowane. Ga dabbar tsaye, ƙafa huɗu, ƙaho, har ɗan guntun wutsiya. Wuyan kuwa lafiya lau, domin jan zaren a jikin wadda na cire yake, bai taɓa shimfiɗa ba.

Na ce ba komai, zan rufe wurin da farar fata a ce ƙanƙara ce, in sa shafi ta baya. Akwai guntun farar fata cikin jakar Baba. Na miƙa hannu ke nan Baba ya ce, "Kawo aikin in gani." Ɗan Sanyi ya iso a daidai lokacin, ya tsaya bakin rumfa.

Na ɗora wa Baba a cinya. Yatsan nan da ya kama ni a kan kube ya bi kogi, ya bi wuƙa, ya bi furanni. Ya zo wurin da ba komai, ya tsaya. Sai ya soma bin ramukan ɗaya ɗaya. Ya hau ƙafa, ya bi gadon baya, ya zo wuya. Ya shafa wuyan, ya koma ya sake shafawa. Na riga na soma tunanin inda zan kai buzuna.

"Ilu, mene ne wannan?"

"Ramukan basilla ne, Baba. Yanzu zan rufe su."

"Da me?"

"Da farar fatar nan ta cikin jaka."

"Ta wa?"

"Taka ce, Baba."

"To ban ba ka ba."

Ya ce ramuka ai ramuka ne, shi bai ji zare ba, kada kuma in ɓata masa fata wajen yin shafi a shekarar da ake ciki. Yatsansa ya sauka kan sawun, ya bi su a hankali yana motsa baki kamar mai ƙirga. Ya ɗaga kai wajen da ya ji numfashin baƙo.

"Baƙo, waɗannan tafiya suke ko dawowa?"

"Dawowa suke, Baba."

Baba ya ce, "To Allah ya kawo su." Ya miƙa masa fatar da hannu biyu. Ɗan Sanyi ya fita da ita tsakiyar hanya ya ɗaga ta sama wajen rana, ya daɗe a haka, mutane na wucewa suna kallonsa. Ni dai na juya baya na kama wasa wuƙa, don ban so a ga idona.

Washegari motar foroje ta tafi da shi, ban sake jin labarinsa ba, ban san abin da dattawansu suka ce ba. Jakar da nake ɗaurewa na kwance ta, ban ƙara zuwa tasha da niyyar tafiya ba. Har yau ban ɗinka mai rai cikakke ba, ku duba matasan can ku gani, kowane zaki da murjaninsa. Baba ya ƙara damina biyu a kusurwar nan. Jaɓɓo bai dawo ba, ko saniya ɗaya ba mu sake gani ba. Amma har makon da ya kwanta, in mota ta tsaya daga Ɗan Issa sai ya ɗaga kai ya ce, "Ilu, je ka tambaya." Ni kuwa in ajiye basilla in je.